Umarni ko Kirari? Harshen Talla a Bakin Kwamfuta

Umarnin da ake bai wa kwamfuta tun asali gajere ne, irin na maigida ga ɗan aike: buɗe, rufe, kwafa, goge, adana. Ken Thompson da Dennis Ritchie, waɗanda suka soma gina tsarin Unix a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka a 1969, har rowar haruffa suka yi: cp shi ne kwafa, mv sauya wa abu wuri, rm gogewa. Kalmomin ba su da daɗin ji, amma ba su ɓoye kome ba. Wanda ya buga rm ya san abin da ya aikata. Haka yankawa da kwafa da mannawa, waɗanda Larry Tesler da abokan aikinsa suka shigo da su a kamfanin Xerox cikin shekarun 1970, daga teburin masu gyaran rubutu aka aro su, masu aiki da almakashi da ƙaro. Ɗalibin da ya san copier da coller a ajin Faransanci ya riga ya ci rabin darasin.

Daga baya ne masu talla suka karɓe ragamar raɗa suna, sai aikatau ya ja baya, kirari ya shigo gaba. A 2007 kamfanin Apple ya fito da manhajar ajiye kwafin takardu don gudun ɓacewa, ya sa mata suna Time Machine, wato na'urar tafiya cikin zamani. A 2011 kuma tura takarda daga wata na'ura zuwa ta kusa da ita ya koma AirDrop. Waɗannan dai kwalliya ce, kuma kwalliya ba laifi ba ce; mai sayar da turmin atamfa a babbar kasuwar Maraɗi ma yana raɗa wa zanensa suna don ya shiga ran mata. Sai dai mai sayen atamfa yana riƙe da zanen a hannu, yana murza shi. Mai danna maɓalli kuwa ba ya ganin kome sai sunan.

Inda abin ya wuce kwalliya shi ne inda sunan ke faɗin kishiyar aikin. A 2005 Microsoft ya wajabta wani bincike ga masu son sauke wasu manhajojinsa, don tantance ko Windows ɗin da ke cikin na'urar na halal ne ko kwafin sata. Haƙƙin kamfani ne ya tsare dukiyarsa. Amma sunan da aka ba binciken shi ne Windows Genuine Advantage, kuma kalmar ƙarshe na nufin fa'ida, ƴar uwar avantage ta Faransanci. Fa'idar wa? Mai gadi ne aka sa wa rigar mai rabon kyauta. A 2006 kamfanin ya amsa cewa manhajar faɗakarwa ta wannan shiri tana tuntuɓar na'urorinsa kowace rana, abin da ba a bayyana wa masu amfani da ita ba tun farko.

Kalmar da ta fi kowace yin nasara ita ce gajimare, wadda Faransanci ke cewa nuage. Adana takarda a gajimare ba wani abu ba ne illa kwafa ta cikin kwamfutar wani kamfani, a wani gini mai bango da wayoyin lantarki, a ƙasar da ke da nata dokoki. Kalmar ta shafe ginin, ta shafe mai shi, ta shafe kuɗin haya. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin rumbunan bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu abokan cinikin da ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar abin da suka ajiye. Ranar nan aka tuna cewa gajimaren yana da adireshi.

Wannan batu ya shafi malamai da ƙungiyoyin da ke aikin samar wa Hausa kalmomin kimiyya. Mai fassara yana tsakanin hanya biyu: ya fassara sunan da masu talla suka raɗa, ko ya fassara aikin da na'ura ke yi. In ya bi ta farko, ya yi wa kamfani dako kyauta, ya kuma sa yaron da ke kwalej a Damagaram ko Tawa ya ɗaga kai sama yana neman inda jarrabawarsa ta tafi. In ya ce «ajiya a rumbun kamfani», jimlar ta fi tsawo, ba ta da ƙyalli, amma Bahaushe ya san rumbu, ya san ajiya a hannun wani, kuma nan take zai tambaya: rumbun wa, kuma mabuɗin yana hannun wa?