Shuka Ba Kaftu: Gwanintar Manoman Gadarif

Duk wanda ya san Gadarif, a gabashin Sudan kusa da iyakar Habasha, ya san baƙar lakarta. Da rani takan dare har hannu ya shige, da damina ta kumbura ta yi danƙo. A kanta aka fara noman damina da tarakta a shekarun 1940, dawa da riɗin yankin suka yi suna, kuma Hausawan da kakanninsu suka yada zango a hanyar Makka suna cikin masu noma ta. Sai dai shekara da shekaru ana dawa bayan dawa, faifan tarakta na birkice ƙasa, kara kuma a kwashe ko a ƙone. Gonaki suka gaji, ƙuduji ya samu wurin zama.

A nan ne wasu manoma suka rungumi shuka ba kaftu, dabarar da hukumar ƙasashen Larabawa ta zuba jari a harkar noma ta gwada a Agadi, jihar Blue Nile, wajen shekarar 2000, kafin ta iso Gadarif. Mai kallo daga nesa zai ce lalaci ne, alhali aikin lura ne. Manomi zai bar karan bara kwance a gona. Injin shuka ya tsaga siririn layi, ya ajiye iri da taki, ya rufe, sauran ƙasar ba a taɓa ta ba.

Ɗaga karan nan bayan ruwa biyu ko uku ka gani. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa da sanyi, da laima, tana marmashewa a hannu. Gara ta fara cin karan, ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani suna ƙarasa ruɓar da shi ya koma abincin shuka. Akwai wata irin funfuna mai zare siriri da ke manne wa saiwar dawa, ta kawo mata ruwa da sinadarin fosfaras daga inda saiwa ba ta kaiwa, dawa kuma ta biya ta da sukarin da ganye ya sarrafa. Duk kaftu yana tsinka wannan zare. Gwanin manomi ya san waɗannan halittu 'yan ƙodago ne da ba sa karɓar kuɗi, shi ya sa ba ya rushe musu gida.

Sai juya shuka. Bana dawa, baɗi wake ko gyaɗa. Tuge wake ɗaya ka fasa ƙullutun da ke jikin saiwarsa: in cikin ya yi jaja-jaja, ƙwayoyin da ke kamo naitirojin daga iska suna kan aiki. Saiwar waken kuma tana ruɗin irin ƙuduji ya tsiro, ya rasa dawar da zai tsotsa, ya mutu.

Abin da wuya. Dabbobi na son karan, injin shuka da tsada, kuma ciyawa ba ta yafe wa wanda ya makara da feshin maganinta. Laka mai danƙo ma ba kullum take ba da damar shiga ba, sai an karanci laimarta. Ribar kuma ba ta zuwa a damina ɗaya. Manomin da ya iya ƙin sayar da kara a yau don gonarsa ta farfaɗo nan da wasu shekaru, shi ya cancanci a kira shi gwani.