Kada a dasa dogon yaro a gindin kwando

Da zarar koci ya hango dogon yaro a filin ƙwallon kwando, sai ya ja shi gindin kwando ya dasa: "Kai dai tsaya nan, in ta faɗo ka cafke." Kwanaki da la'asar na ga irin wannan yaro a nan Dutsin-Ma. Ya cafke ƙwallo, fili fetal a gabansa, amma ya tsaya yana waige-waige, yana neman gajeren da zai miƙa wa. Da aka tashi kuwa, sai ga shi shi kaɗai yana sarrafa ta da hagu da dama, yana jefawa daga nesa tana shiga. Abin ya tsaya mini a rai.

Yanzu wasan ya koma hannun ɗan gaban da ya iya aiki fiye da ɗaya. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya kusa ƙafa bakwai, amma a 2016 kocinsa Jason Kidd ya damƙa masa ragamar raba ƙwallo a Milwaukee Bucks. Ya zama gwarzon NBA a 2019 da 2020, ya ɗauki kofi a 2021. Da an bar shi gadin kwando, da an yi asara.

Ba cewa nake a jibga wa yaro komai ba, don taura biyu ba ta taunuwa. Koci ya tsayar masa da ayyuka a fili. In ya cafke ƙwallo, ya ruga da ita da kansa kafin abokan hamayya su koma gida. In gajere ke tsaronsa, ya matsa shi zuwa gindin kwando; in dogo ne mai nauyin jiki, ya janyo shi waje ya wuce shi. In mutum biyu suka rufe shi, ya san wani nasu na tsaye ba mai tsaro, ya ba shi. Zai zubar da ƙwallo da farko, a yi masa haƙuri, kada a zaunar da shi a benci.

Masu horar da 'yan wasa a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, yaran Kurfi da Dutsin-Ma hannunku suke zuwa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don Allah a atisayen gobe, ku ba dogon nan ƙwallo tun daga tsakiyar fili.