Gizago da Zarto: Sharhi a kan Babin Sassaƙa cikin Littattafan Al'ada

Gabatarwa

Duk wanda ya koyar da Hausa a makarantar sakandare ko a kwalejin horon malamai ya san babin nan da ake kira "Sana'o'in Gargajiya". Da wuya a sami littafin al'ada na makaranta wanda ba shi da shi, domin manhajar jarrabawa ta tanade shi. A cikinsa akan jero noma da ƙira da jima da dukanci da saƙa da rini da sassaƙa, kowace sana'a a ba ta shafi ɗaya ko biyu. Wannan maƙala za ta dubi kason sassaƙa ne kaɗai, musamman yadda ake bayanin kayan aikin itace. Ba littafi ɗaya nake nufi ba, domin kusan duk tafiyarsu ɗaya ce: a faɗi ma'anar sana'ar, a jero kayan aiki, a jero abubuwan da ake sassaƙawa, a rufe da cewa zamani ya kawo canji.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wata rana na aro gatari da gizago daga wurin wani masassaƙi na kai su aji. Ɗaliban nan duk sun haddace jerin kayan sassaƙa, sun kuma ci tambayar a jarrabawa. Amma da na ce su nuna mini wanne ne gizago, sai mafi yawansu suka yi shiru, wasu ma suka ce ai fartanya ce na kawo. Laifin ba nasu ba ne. Abin da muka ba su suka mayar mana.

Suna ba tare da aiki ba

Dole ne a fara da yabawa. Marubutan waɗannan littattafai sun shigar da sana'ar talaka cikin aji, a lokacin da wasu ke ganin ba abin da ya cancanci nazari sai waƙa da nahawu. Sun kuma adana sunaye irin su akushi da muciya da koshiya, waɗanda yaron birni ba lalle ya ji su a gida ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai dai kuma jerin sunaye ba ya koyar da komai game da kayan aiki, domin abin aiki da aikinsa ake gane shi. Mu ɗauki misalin gatari da gizago. Kaifin gatari yana bin tsawon ƙotarsa ne, saboda haka da shi ake sare itace a kuma faskara shi. Kaifin gizago kuwa gicciye yake da ƙota, kamar na fartanya, shi ya sa mai aiki ke jawo shi wajen kansa, yana ɗauke itace ɓalli-ɓalli har siffar da yake so ta fito. Jumla biyu ke nan, amma da an rubuta su da ɗalibaina ba su kira gizago fartanya ba.

Bugu da ƙari, arzikin Hausa a wannan fage yana cikin aikatau ne fiye da sunaye. Masassaƙi yakan sari itace, ya datse shi, ya faskara, ya sassaƙa, ya ƙwaƙule ciki, ya kankare, ya fiƙe, ya huda, ya goge. Kowace kalma a nan mataki ce dabam, kuma kowace tana da ƙarfen da ya dace da ita. Wanda ya ce "an yanka turmi" ya nuna bai taɓa tsayawa a kan masassaƙi ba. Littattafanmu sun tattara duk waɗannan matakai sun cusa su cikin kalma ɗaya, watau "sassaƙa", alhali ita kanta kalmar mataki ɗaya ce daga cikinsu.

Haka nan ba a haɗa abin aiki da icen da yake aiki a kansa. Akan ce ana sassaƙa turmi da allo da ganga "da itace", kamar duk itace ɗaya ne. To, masassaƙi bai yarda da haka ba. Ƙirya yake nema domin turmi da taɓarya, saboda tauri da nauyi da jure daka. Aduwa ake so domin allo. Alilliba ba ta da nauyi kuma tana da sauƙin ƙwaƙula, shi ya sa ake yin ganguna da ita. Giginya ce ake faskarawa a fitar da azara, domin gara ba ta cika cinta ba. Tun a 1916 J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, ya kuma biyo da babban littafinsa na amfanin tsirran Afirka ta Yamma a 1937. Abin kunya ne a ce baƙo ya damu da sanin wane ice ake yin me da shi, mu kuwa masu abin mun wadatu da kalmar "itace".

Katanga tsakanin masassaƙi da kafinta

Aibi na biyu ya fi na farko girma. Littattafan sun gina katanga tsakanin masassaƙi da kafinta, suka ce na farko namu ne, na biyu baƙo ne, saboda haka ba shi da shafi. Idan ma an ambace shi, to a sakin layi na ƙarshe ne, a matsayin wanda ya zo ya kashe wa masassaƙi kasuwa.

Babu shakka akwai bambanci na gaske tsakanin sana'o'in biyu, kuma ya cancanci a bayyana shi. Masassaƙi gungume ɗaya yake ɗauka, sau da yawa tun yana ɗanye, ya yi ta ragewa har turmi ko kujera ta fito, ba haɗi ba ƙusa. Ma'auninsa ido ne da taƙi da kamu. Kafinta kuwa busasshen katako yake saye wanda inji ya riga ya tsaga, ya auna da inci da ƙafa, ya yanka da zarto, ya haɗa gunduwa da gunduwa da ƙusa ko gam. Ɗaya ragewa yake yi, ɗaya haɗawa. Wannan shi ne bayanin da ɗalibi yake bukata, kuma ba zai samu ba sai an ajiye sana'o'in biyu kusa da juna.

Amma cewa kafinta baƙo ne, wannan magana ce da tarihi bai goyi bayanta ba. Makarantar da Hans Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'in hannu. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, ta sauƙaƙa kawo katako daga kurmi da kwanon rufi da ƙusa daga bakin teku. Ke nan aikin kafinta ya haura shekara 100 a ƙasar Hausa. Mutum ya je 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko kasuwar Katako ta Yamai, ya saurari harshen da ake ciniki da shi. Shekara nawa sana'a za ta yi a hannun Bahaushe kafin ta zama tasa?

Idan kuwa aron kalma ne ya sa ake ƙyamar kafinta, to sai mu tuna cewa allo da sirdi, waɗanda ke kan gaba a jerin aikin masassaƙi, sunayensu daga Larabci suka zo. Ba wanda ya taɓa cewa a fitar da su daga babin saboda haka. Kalmomin kafinta ma sun bi hanyar da waɗancan suka bi. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, sai ta saka wasali a tsakaninsu, ta kuma mai da "p" ta zama "f". Ta haka aka sami falanki da filaya da sifana da sukudireba. Shi kansa kafinta an yi masa jam'i irin na gida, aka ce kafintoci, kamar yadda ake cewa tagogi da ƙofofi. Har girman katako an ba shi suna, ana cewa tubaitu da tubaifo. Kalmar da ta karɓi lafazin Hausa da jam'in Hausa, ta kuma shekara da shekaru a bakin Hausawa, ai ta zama 'yar gida.

Daɗin daɗawa, masu sana'ar ba su san da wannan katanga ba. Ruwan gizago maƙeri ne ke ƙera shi, kuma maƙeran yau sau da yawa da tsohon ƙarfen sifirin mota suke yin sa. Ƙiryar da za a sassaƙa, akan kayar da ita da injin sare itace. Masassaƙi yana sayen magagari a shago ya wasa ƙarfensa, kafinta kuma yana zuwa wurin masassaƙi ya yi wa gudumarsa sabuwar ƙota. A cikin littafi ne kawai ba sa ga-maciji.

Shirun da aka yi game da kayan lantarki

Aibi na uku shi ne wanda ke da haɗari ga jikin mutum. A yau kafintoci da yawa a birane suna aiki da injin huda da injin yanka katako da injin goge shi, ko da wutar gari ko da janareto. Waɗannan kaya ba sababbi ba ne a duniya. Kamfanin Fein na Jamus ya ƙera injin huda na lantarki da ake riƙewa a hannu tun 1895, kamfanin Black & Decker na Amurka kuma ya fitar da mai aiki da batir a 1961. Amma takardar bayanin da ke zuwa cikin kwalinsu da Turanci take, ko Faransanci, ko Sinanci. Yaron shago kuwa da Hausa yake tunani.

Akwai abubuwan da ya wajaba a faɗa masa da harshensa. Alal misali, idan katako ya matse bakin zarton inji yana cikin juyawa, haƙoran baya sukan ɗaga katakon su wurgo shi wajen mai aiki, hannunsa kuma ya zame zuwa kaifi. Saboda haka ba a tsayawa daidai bayan zarton, ba a cire murfinsa, kuma siririn katako da sanda ake tura shi, ba da yatsu ba. Ba a canja baki ko faifai sai an zare waya daga wuta. Babbar riga da hannun riga mai faɗi ba su da wuri kusa da abin da ke juyawa. Har wa yau, injin da aka yi domin wutar Amurka mai ƙarfin bolt 120, idan aka jona shi kai tsaye da wutar Nijeriya mai bolt 230, ƙonewa zai yi. Duk wannan na faɗe shi da Hausa ba tare da na ƙago kalma ko ɗaya ba. Ashe ba harshen ne ya gaza ba, mu ne ba mu rubuta ba.

Mun taɓa samun dama muka bari ta wuce. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta haifar da tsarin 6-3-3-4, wanda ya shigar da darasin koyon fasaha a ƙananan makarantun sakandare cikin shekarun 1980. An sayo injuna daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantu, amma da yawansu sun tsufa cikin akwatunansu saboda rashin wuta da ɗakin aiki da malamai. A daidai wannan lokaci malamin Hausa yana aji ɗaya yana jero sunayen kayan sassaƙa ba tare da kayan ba, malamin fasaha yana wani aji yana bayanin zarto da Turanci. Da an haɗa su biyun, da kowa ya cike giɓin ɗan'uwansa.

Abin da ya kamata a yi

Ba ƙamus za mu ɗora wa laifi ba. Ƙamusun Bargery na 1934, mai kalmomi kimanin 39,000, an yi shi ne kafin kayan lantarki su shiga shagon kafinta. Na Abraham na 1949 da na Jami'ar Bayero na 2006 ƙamusai ne na harshe gaba ɗaya, ba na sana'a ɗaya ba. Darasin da za mu ɗauka daga Bargery shi ne hanyarsa: ya zaga ƙasa ya ji kalma daga bakin masu ita.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Na farko, mai rubuta babin nan ya je ya zauna da masassaƙi a gindin bishiya da kafinta a shago, ya rubuta suna da aikatau da irin ice tare, ya kuma sa hoto. Ya lura da bambancin karin harshe, domin inda Bakano ke cewa itace Basakkwace icce yake cewa, kuma ba mamaki a tarar da irin wannan a sunayen ƙarafa. Na biyu, inda masu sana'a suka riga suka ba abu suna, a karɓa a daidaita rubutunsa kurum. Ba amfani a zauna a ofis a ƙago wa sukudireba dogon suna wanda in ka faɗe shi a kasuwa ba mai miƙo maka komai. Na uku, inda babu suna, Hausa tana da hanyoyinta. Akwai sigar mabuɗi da ma'auni da mahuji da magagari, akwai kuma sigar injin niƙa da injin ban ruwa, wadda jama'a da kansu suka faɗaɗa zuwa injin huda da injin tsaga katako.

Kammalawa

Hausawa na cewa sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Wannan sharhi ba sare babin sana'o'i yake nufi ba, gyara shi yake nema. Amma akwai gaggawa ta fuska biyu. Roba da ƙarfe sun kori akushi da koshiya daga gidaje da yawa, injin niƙa ya rage wa turmi aiki, ƙirya tana ƙaranci a daji, kuma tsohon masassaƙi idan ya rasu da kalmominsa yake tafiya. A ɗaya gefen, yara suna shiga shagon kafinta kowace shekara, suna tsayawa gaban zarton inji ba tare da shafi ɗaya na gargaɗi da harshensu ba. Babi ɗaya mai kyau, wanda ya fara da gizago ya ƙare da injin huda, zai taimaki duka biyun. Muna fatan marubuta da masu tsara manhaja za su duba wannan al'amari kafin a sake buga littattafan.