A sa wa tsohon injin inbata, amma a bar masa giyarsa

Tsoffin injinan sassaƙar ƙarfe irin su Colchester da Harrison, ƙirar Ingila, yawancinsu wuta mai layi uku suke ci, kuma a nan matsalar masu gareji a Gusau take. Ba kowace unguwa ce Kaduna Electric ke kai wa layi uku cikakke ba, ko an kai ma, layi ɗaya na faɗuwa aiki ya tsaya. Shi ya sa nake goyon bayan masu saka wa waɗannan injina na'urar VFD, wadda masu aikin wuta ke ce wa inbata. Tana karɓar layi ɗaya mai volt 230 ta fitar da uku, muddin an mayar da haɗin wayoyin moton zuwa delta. Tana kuma tayar da shi sannu a hankali, ba kamar kunnawa kai tsaye ba, inda moto kan zuƙi wuta ninki biyar zuwa bakwai a tashin farko. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, wanda ƙaramin janareto zai ishe shi ya rage wa kansa asara mai yawa.

Inda nake rabuwa da masu yayin inbata shi ne ganin da suke yi cewa maɓallinta na rage gudu ya maye gurbin giya. Moto mai juyi kusan 1,450 a minti a kan hertz 50, in aka saukar da shi zuwa 25, gudunsa ya ragu da rabi, aikin da yake iya yi ma haka, fankar da ke sanyaya shi kuma ta yi sanyin jiki. Giya kuwa tana rage gudu ne ta ƙara ƙarfin murɗawa. Wanda zai sassaƙa gangar birkin tirela da ta lalace a hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, giyar yake buƙata. Inbata sai dai ta daidaita masa gudun da ke tsakanin giya da giya, ta kashe rawar da ke ɓata fuskar ƙarfe a ƙaramin shaft na famfon ban ruwan manoman rani na Bungudu.

Dattawan sana'a na cewa moto in ya ƙone mai naɗin waya zai tashe shi, inbata kuwa in ta mutu sai dai a aika Kano a sayo wata. Gaskiyarsu ne, sai dai abubuwan da ke kashe ta sanannu ne: ƙurar hunturu, ɓarɓashin ƙarfe, wuta mai hawa da sauka, da kuskuren sa makunni tsakaninta da moto. Akwati rufaffe mai hanyar iska, da na'urar daidaita wuta, da mayar da tsohon hannun kunna injin kan wayoyin umarnin inbatar, kuɗinsu bai kai na babban janareto mai layi uku ba.