Tsaga Zare: Gwanintar Masu Ɗaura Ƙwaron Ƙarya a Ƙugiya

Duk wanda ya taɓa zama a bakin tafkin Maga na Kamaru da hantsi, bayan jirage sun fito an gama cinikin kifi, ya san a hannun masunta ido ke tsayawa. Wannan ya baza kalli a kan ƙafafunsa yana ɗinke inda ya yage, wancan yana jera ƙugiyoyin mamari, kowace da ƙullinta, bakinsa na hira yatsunsa na aiki. Tun 1979 da aka gina madatsar tafkin mai tsawon kilomita 27 tsakanin Fus da Girbidik domin shayar da gonakin shinkafar kamfanin SEMRY, ruwan ya zama gona ta biyu ga Musgum da Kotoko da Hausawa da sauran maƙwabtansu. Karfasa da tarwaɗa da giwan ruwan Maga sun ciyar da gidaje har Marwa. Kuma kowa a nan ya san su daga zare yake farawa.

Shi ya sa nake son in ba masuntanmu labarin wasu 'yan'uwansu a sana'ar zare. Masu fatsa ne, amma ba sa maƙala tana ko tuwo a ƙugiya. Gashin tsuntsu da zare suke ɗauka su ɗaura wani abu mai kama da ƙwaro ko ɗan kifi, su jefa shi a ruwa, kifi ya kai masa cafka. Sana'ar ta daɗe. Wajen shekara ta 200 miladiyya wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura mata gashin zakara biyu. Yau ta iso har Arewacin Kamaru: baƙi daga ƙasashe masu nisa kan bi ta Garwa su nufi kogin Faro, wanda ke zuba a Binuwai, suna neman giwan ruwa da tsage da irin wannan ƙwaron ƙarya.

Cikin dabarun masu wannan aiki babu wadda ta kama zuciyata kamar tsaga zare. Zaren da bai kai silin gashin wutsiyar doki kauri ba, shi ake rabawa biyu a tsaye. Bayan mai aiki ya kafa ƙugiya a ƙarfen da ke riƙe ta, ya ɗaura zare, sai ya bar kwarkwaron zaren yana reto ya juya shi baya har murɗin zaren ya warware. Sai ya goga zaren a kan farcensa ya baje, ya soka tsinin allura a tsakiya, ya zura yatsa don kada bakin ya rufe. A cikin wannan tsaga yake sa silalan gashi. Ya zare yatsa, zare ya kama su, ya kaɗa kwarkwaro gaba kamar yadda iyayenmu mata ke kaɗa mazari. Nan take zaren ya zama igiya mai gashi ta kowane gefe, ya naɗa ta a jikin ƙugiya. Ba a ƙara wani zare ba, ba a yi wani ƙulli ba, don haka ƙwaron kan fito siriri, marar nauyi, gashinsa na motsi a ruwa kamar mai rai.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai an iya zaɓen kayan aiki, kuma a nan ake bambanta gwani da ɗan koyo.

Na farko zare. Wanda silalansa ke kwance a jere shi ke tsaguwa cikin sauƙi. Wanda aka manne silalansa da danƙo kuwa gardama yake yi, allura ta yi ta zamewa. Zaren UTC mai lamba 70 ko 140 da na Danville sun yi suna a wannan fanni. Ƙaramin ƙwaro siririn zare yake so, babban ƙwaron giwan ruwa kuwa sai mai ƙarfi wanda zai jure ja. Idan zaren na da santsi, ɗan shafen kakin zuma kan hana gashi sulɓewa.

Na biyu kilif, wato ɗan abin matsewa mai leɓe biyu da ke riƙe gashin kafin a sa shi a tsaga. Shi ne zuciyar aikin. Yatsa ba zai iya ɗauko silalan gashi masu laushi a jere ba tare da sun hargitse ba, amma kilif zai iya. Gwani abu huɗu yake dubawa. Leɓunan su haɗu daidai daga wannan gefe zuwa wancan, domin ko ƙaramar kafa ce gashi zai zube ta nan. Akan gwada da silin gashi ɗaya a tsakiya da gefuna. Bakin ya zama siriri, yadda zai kusanci zare sosai. Ƙarfin matsinsa ya zama tsaka-tsaki, ya riƙe ba tare da ya karya ba, ya kuma buɗe a hankali ba da fizga ba. Sannan ya kasance garau kamar gilashi, don a ga tsawon gashin da ke ciki. Faɗinsa kuma gwargwadon ƙugiya ne, shi ya sa masu aikin kan ajiye ƙarami da matsakaici da babba.

Wanda ya fi kowa suna a wannan fage shi ne Marc Petitjean, mazaunin Suwizaland, mai kayan aikin da ya sa wa suna Magic Tool. Dabararsa mai sauƙi ce, kuma sauƙin ne abin sha'awa. Ana danna gashin tsuntsu cikin wani tsagi, silalansa su miƙe sama gefe ɗaya, a kama su da kilif, a datse ƙashin gashin da almakashi, sai a bar tsantsar laushi a jere. Gashin da ya fi amfani da shi shi ne wanda ke kewaye da jakar mai a gindin wutsiyar agwagwa. Gashi ne mai riƙe iska, shi ya sa ƙwaron ke yawo a saman ruwa bai nitse ba. Masu fatsa na tsaunukan Jura, kan iyakar Faransa da Suwizaland, sun yi kusan ƙarni guda suna aiki da shi.

Sauran kayan ba su da yawa. Allura mai kaifin tsini marar kaushi, don kada ta tsinka silalan zare. Almakashi mai dogon baki wanda zai datse da yanka ɗaya. Kwarkwaro mai ɗan nauyi wanda ke juyawa daidai ba ya rawa. Sai haske mai kyau da haƙuri. Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma. Kifin da ke cikin ruwa garau yana duba abin da aka jefa masa, kuma kuskuren da ido bai kula ba shi yakan gani ya juya.

Wannan sana'a ba za ta maye gurbin kalli da birgi ba, domin su ne ke cika tukunya a Maga. Amma dubi abin da take buƙata: ido mai gane zare, yatsu masu sanin ƙulli, da sanin halin kifi. Duka ukun yaron Maga da su yake tashi. Agwagwa da zabo da zakara suna tsakar gida, allura da almakashi suna wurin tela, kilif na maƙale takardu yana kasuwa kuma ya isa a fara koyo da shi. Ga kuma watannin damina da ake rufe tafkin don kifi ya hayayyafa, lokacin da hannu ke neman abin yi.

Kirana ga matasanmu na bakin ruwa shi ne ku gwada. Ku nemi zare mai baje, ku zaɓi kilif da leɓunansa suka haɗu, ku tsaga, ku murɗa, ku naɗa. Hannun da ya iya ɗaura mamari zai iya wannan.