Yahudawan Tykocin da Ɗakin Ibadarsu

A shekarar 1522 iyalai goma na Yahudawa suka taso daga Grodno suka zauna a Tykocin, wani ƙaramin gari a bakin kogin Narew a ƙasar Foland. Da kasuwanci da neman ilimi suka yi suna, har garin ya zama cibiyar malamansu. A 1642 suka gina ɗakin ibada mai kaurin bango, suka rubuce bangon ciki da addu'o'i da manyan haruffan Ibrananci, abin burgewa.

A watan Agustan 1941 sojojin Nazi suka harbe mafi yawan Yahudawan garin a dajin Łopuchowo. Ginin ya tsira. Masu gyara sun cancanci jinjina, domin da haƙuri suka farfaɗo da rubutun bangon, yanzu wurin gidan tarihi ne.