KAYAN ARO: SHARHI A KAN KARL HAAS DA SHIRINSA NA REDIYO

Mai karatu, a cikin ma'aikatan gidan rediyo akwai wani bawan Allah da ba a cika tunawa da shi ba idan ana lissafin masu fasaha, wato mai gabatar da kiɗa. Ba shi ya tsara kiɗan ba, ba shi ya kaɗa ba, sau da yawa ma faifan da yake sakawa na gidan rediyo ne. Iyakar aikinsa ya zauna gaban makirfo ya ce da kai, kasa kunne ka ji wannan, ga wanda ya yi shi, ga abin da za ka lura da shi a ciki. To idan irin wannan mutum ya shekara arba'in yana wannan aiki, sannan rai ya yi halinsa, me za a ce ya bari? Wannan tambaya ce ta sa na ɗauko labarin wani Bajamushe mai suna Karl Haas, wanda ya yi zamani a gidajen rediyon Amurka, domin a kansa ne na ga tambayar ta fi fitowa fili.

Kafin mu je ga mutumin, bari in ɗan yi bayanin kiɗan da ya yi wa hidima, wanda Turawa ke kira kilasik. Kiɗa ne da suka gada daga fadojin sarakunansu da majami'unsu, ana rubuta shi a takarda da wasu alamomi, mai tsarawa daban, masu kaɗawa daban. Wani lokaci mutum ɗaya ne da fiyano, wani lokaci kuwa makaɗa ne birjik, masu goge da masu busa da masu ganga, ga wani a tsaye da 'yar sanda yana ba su umarni. Da yawa daga cikinsa babu waƙa ko kalma ɗaya, kuma yakan yi tsawo ƙwarai. Don haka ko a cikin Turawan ma, wanda kunnensa bai saba ba yana bukatar ɗan jagora. Mu ma nan mun san haka, domin waƙar Narambaɗa in ba ka san sarkin da ake yi wa ita ba, ba ka kuma san wanda ake yi wa habaici ba, to rabin daɗin ya wuce ka.

An haifi Karl Haas a garin Speyer na ƙasar Jamus a shekarar 1913. Bayahude ne, ya yi karatun kiɗa a Mannheim, kuma a 1936, lokacin da gwamnatin Hitila ta matsa wa Yahudawa lamba, ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya tsallaka Amurka ya zauna a birnin Detroit. Ya ƙara ilimin fiyano a wajen Artur Schnabel, gwanin da ya fara ɗaukar dukkan sonata 32 na Beethoven a faifai. A 1944 ya kafa wata ƙungiya ta shirya bukukuwan kiɗa a Detroit, a 1950 ya fara magana a gidan rediyon WWJ, yana yi wa jama'a bayanin abin da babbar ƙungiyar makaɗan birnin za ta kaɗa a makon. Sai a 1959 gidan rediyon WJR ya ba shi fili na sa'a guda, ya buɗe shirin da aka san shi da shi, mai suna Adventures in Good Music, wato kamar a ce yawon buɗe ido cikin kiɗa mai kyau. Daga 1970 gidan rediyon WCLV na birnin Cleveland ya ɗauki nauyin rarraba shirin ga sauran tashoshi, har ya kai ana jin sa a faɗin Amurka da Ostireliya da tashoshin sojojin Amurka na ƙasashen waje.

A nan akwai abin da nake so mai karatu ya tsaya ya duba. Ga mutumin da Jamus ta kore shi, amma ya ƙare rayuwarsa yana koya wa Amurkawa son kiɗan Jamusawa. Kullum idan zai buɗe shiri, shi da hannunsa yake kaɗa wani yanki na Beethoven a fiyano, kashi na biyu na sonatar da ake kira Pathétique, wadda aka buga a 1799. Kiɗa ne mai sanyi, mai tafiya a hankali ba gaggawa. Shi Beethoven ɗin a Bonn aka haife shi, garin da ke bakin kogi ɗaya da Speyer, wato kogin Rayin. Ashe kullum safiya mutumin nan kukan gidansu yake yi, gidan da aka hana shi zama a ciki. Bayan kiɗan sai ka ji wata murya mai kauri, da karin harshen Jamusanci da bai taɓa rabuwa da shi ba, ta gai da jama'a da kalmomi biyu kacal, ma'anarsu sannunku kowa da kowa. Shi ke nan an shiga shiri.

Yabon gwani ya zama dole. Abin da Haas ya ƙware a kai shi ne bai taɓa sa mai sauraro ya ji shi jahili ne ba. Kowane shiri yana da jigo guda, yau a bi wani mai tsara kiɗa daga yarinta zuwa tsufa, gobe a ɗauki kayan kiɗa ɗaya a ji yadda kowane gwani ya sarrafa shi, jibi a yi ta kaɗe-kaɗen raye-raye. Wata rana kacici-kacici yake yi, ya saka kiɗa bayan kiɗa yana ba da alamu kaɗan-kaɗan, ba zai faɗi sunan mai tsarawa ba sai ƙarshen shiri. Ga shi da barkwanci wajen raɗa wa shirye-shirye suna. Alal misali, sunan wani tsohon gwani Haydn a bakin Bature yana kama da farkon sunan wasan ɓuya na yara, sai ya kira shirin da ya yi a kansa Haydn, Go Seek. Lokacin Kirsimeti kuma yana da shiri na musamman a kan ƙararrawa da tarihinta, wanda mutane kan jira duk shekara. Direban babbar mota da matar aure a kicin da ɗalibi duk sun samu shiga, alhali a da kiɗan nan sai mai kwat da kuɗin tikiti. Ba banza ba ya samu lambar Peabody, ya karɓi lambar Charles Frankel a 1991, sannan a 1997 ya zama mai gabatar da kiɗan kilasik na farko da aka sa sunansa a zauren gwarazan rediyo na Amurka.

To amma fa, ba a rasa abin cewa. Na farko, sa'a guda ce gare shi, a cikinta kuma ga surutu. Babban kiɗan nan na Beethoven na tara shi kaɗai ya haura sa'a guda, ina zai shiga? Dole sai gutsuttsura, a yanko kashi ɗaya a nan, a yanko ɗaya a can. Ni dai ban cika ganin laifinsa a wannan ba, domin ɗanɗanon da mai tsire ke miƙo maka shi ke sa ka sa hannu a aljihu. Inda abin yake da haɗari shi ne a samu mai sauraron da ya haddace labarin kurmancin Beethoven da talaucin wane da soyayyar wane, amma bai taɓa zama ya ji kiɗa ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Labarin mai kiɗa ya fi sauƙin riƙewa a kan ginin kiɗan, kuma shirin da ke son ya riƙe kowa da kowa dole ya fi karkata wajen labari.

Na biyu shi ne sunan shirin kansa, kuma wannan ya fi tsaya mini a rai. Idan ka ce naka ne kiɗa mai kyau, me ka ce da na sauran jama'a? Don a yi masa adalci, ba shi ya ƙago wannan suna ba, haka tashoshin kilasik na Amurka suka saba kiran kansu a wancan zamani. Sai dai ka ji wani ikon Allah. A shekarar nan ta 1959 da ya buɗe shirinsa, a cikin birnin nan na Detroit, wani baƙin Ba'amurke mai suna Berry Gordy ya kafa kamfanin faifai wanda ya zama Motown, inda su Stevie Wonder da Marvin Gaye da Diana Ross suka fito. Gari ɗaya, shekara ɗaya. A wannan unguwa ana gabatar da kiɗan matattun Turai da sunan mai kyau, a waccan kuma 'ya'yan leburorin masana'antar mota suna ƙirƙiro kiɗan da zai game duniya. Ban ce Haas ya raina su ba, ɗansa na cikinsa ma makaɗin jaz ya zama. Amma suna linzami ne, kuma wannan suna ya shata iyaka tun kafin mai shirin ya buɗe baki.

Yanzu mu zo ga batun abin da ya bari, wanda shi ne ainihin damuwata. Haas ya daina ɗaukar sababbin shirye-shirye yana da shekara 89, ya mutu ranar 6 ga Fabrairu 2005 a jihar Michigan yana da shekara 91. Gidan WCLV ya ci gaba da saka tsofaffin kaset, wato fiye da shekara biyu mutum yana kabari amma muryarsa tana gai da jama'a kamar ba abin da ya faru. Sannu a hankali tashoshi suka yi ta janyewa, daga ɗaruruwa aka dawo ƙasa da 20, har a ranar 29 ga Yuni 2007 aka saka na ƙarshe aka rufe.

Mai karatu zai ce, to ai da sauƙi, tunda an ɗauki shirye-shiryen a kaset, sai a juye su a faifai ko a zuba a intanet kowa ya ji. Ina! A nan ne gizo ke saƙar. Beethoven ya mutu tun 1827, rubutaccen kiɗansa ya zama na kowa, duk mai fiyano yana iya kaɗawa ba wanda zai tambaye shi kwabo. Amma kowane faifai da aka ɗauka yana da masu shi, kamfanin da ya buga da makaɗan da suka kaɗa. Izinin da gidan rediyo ke da shi na watsawa a iska ne, ya wuce ya wuce. Sayarwa ko ajiyewa inda kowa zai ɗauka duk lokacin da ya so, wannan wani izini ne daban, kuma sai an nema a kan kowane kiɗa da ke cikin kowace sa'a. Ka lissafa wannan a kan shirin da ya haura shekara arba'in. Saboda irin wannan sarƙaƙiya ta haƙƙin mallaka, mafi yawan shirye-shiryen ba a fito da su kasuwa ba. Abin da aka sani an fitar shi ne faifan sidi uku, ɗaya a kan fiyano, ɗaya a kan ƙararrawar nan, ɗaya a kan waƙa da rawa.

Wasu sun samo dabara. Gidan rediyon BBC na Ingila yana da wani tsohon shiri mai suna Desert Island Discs, wanda Roy Plomley ya fara a 1942, inda ake gayyato baƙo ya zaɓi faifai takwas ya faɗi dalilin zaɓensa. A 2011 sun buɗe rumbun shirin a intanet, sai suka gajarta kowane kiɗa saboda haƙƙin masu shi, suka bar hirar. Hakan ya yi musu daidai, domin a wancan shiri rayuwar baƙon ita ce tuwo, kiɗan ɗan ƙari ne. A wajen Haas kuwa abin a juye yake. Maganarsa duk nuni ce, ji yadda goge zai shigo a nan, lura da yadda wannan karin zai dawo da wata kama. Ka cire kiɗan, sai a bar ka da dattijo yana nuna maka ɗaki da yatsa, ɗakin kuwa an kwashe kayan. Shi ya sa nake ganin sana'ar nan gaba ɗayanta a kan kayan aro aka gina ta, kuma iya ƙwarewar mutum iya dogaronsa da kayan. Mai surutun banza tsakanin faifai da faifai, in an cire masa kiɗa bai yi asarar komai ba. Gwanin ne ke tafka asara.

Ya rubuta littafi a 1984 mai suna Inside Music, kuma ya karɓu. Amma littafi a kan kiɗa ba tare da sauti ba, kamar a miƙa wa mai jin yunwa littafin koyon girki ne. Abin da ya sa mutane suka so shi, wato jin muryar da kiɗan a haɗe, a lokaci ɗaya kullum, kana sane da cewa dubban mutane suna ji tare da kai, takarda ba ta ɗaukar wannan.

Shi kuwa ɗan gidan da Berry Gordy ya fara aiki a ciki an mayar da shi gidan tarihi tun 1985, waƙoƙin Motown kuma duk mai waya a hannu yana iya kiran su a yau, domin su masu kaya ne. Kashi na biyu na Pathétique ma yana nan, gwanaye da dama sun ɗauka, har da malamin Haas ɗin, Schnabel. Wajen minti biyar ne. Kana iya nemowa ka ji, sai dai babu muryar da za ta biyo baya ta ce sannunku.